FASHIN BAƘI: Tukunyar narka dalma da gubar da take bari a unguwa

Batirin mota ko na inbata da ya mutu ba ya kwana a bola. Kafin mai shi ya gama tunanin inda zai jefar da shi, ɗan gwangwan ya iso da sikelinsa, ya auna, ya biya. Daga nan batirin ya kama hanya: daga baro zuwa rumfa, daga rumfa zuwa hannun dila, har ya isa wurin wanda zai fasa shi ya ciro dalmar da ke ciki. Wani kaso yana tafiya manyan masana'antu a kudancin ƙasar nan. Wani kason kuwa ba ya yin nisa. A bayan kasuwa ko cikin wani kango ake hura masa wuta, a narka shi a tukunya, a zuba a mazubi ya daskare ya zama sanduna, domin sandar dalma ta fi tarkace daraja, ta kuma fi shi sauƙin lodi.

Kayan wannan sana'a ƙaruwa suke yi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wutar lantarki ga 'yan rukunin farko a watan Afrilun 2024, gidaje da shaguna da asibitoci suka ƙara raja'a ga sola da inbata. Babban batirin inbata guda ɗaya yakan kai kilo 60, kuma fiye da rabin nauyin nan dalma ce. Zafi kuma yana rage masa kwana: ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce, duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. A garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan na nufin batiran da aka saya a shekarun nan za su riƙa mutuwa da wuri, kuma da yawa. A ɗaya gefen, kasuwar ƙarafa ta Landan ce ke yanke farashin dalma da dalar Amurka, inda tan ɗaya ya daɗe yana kai-kawo a wajejen dala 2,000. Da naira ta faɗi, sai mataccen batir ya ƙara tsada a hannun ɗan gwangwan.

Duk wanda ya ƙuduri aniyar narka dalma da yawa, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce: wace tukunya ce za ta iya? Tambayar tana da amsa a ilimin ƙarafa, kuma sanin amsar yana hana ƙuna da asarar rai. Sai dai amsar tana da iyaka, kuma a bakin wannan iyakar ne maganar take fita daga hannun mai narkawa ta koma ta maƙwabtansa da ta hukuma.

Nauyi ne matsalar farko

Dalma ba ta da wuyar narkewa. A digiri 327 na ma'aunin Salsiyos take zama ruwa, zafin da gawayi ko murhun gas ke kaiwa ba tare da wata wahala ba. Wannan sauƙin shi ne ya sa sana'ar ta yaɗu a ƙasashe matalauta, shi ne kuma yake yaudarar sabon shiga, har ya ɗauka duk tukunyar da ta dafa shinkafar biki za ta iya.

Abin da yake mantawa shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma lita ɗaya ta narkakkiyar dalma ta haura kilo 10 da rabi. Tukunyar da ke cin lita 20, wato daidai jarka ɗaya ta ruwa, idan aka cika ta da dalma za ta ɗauki sama da kilo 200, nauyin da ya zarce buhun siminti huɗu. Mai cin lita 50 kuwa ta wuce rabin tan. Duk wannan nauyin yana zaune ne a kan gindi ɗaya da wuta ke ci, a kan duwatsun murhu ko ƙafafun ƙarfe da su ma zafi ke sassauta su. Saboda haka masu wannan aiki a ko'ina cikin duniya ba sa ɗaga tukunyar su tuttule. Ko dai su riƙa kwasa da ludayin ƙarfe, wanda shi ma idan ya ci rabin lita ya wuce kilo 5 a hannu, ko kuma su sa wa tukunyar famfo a gindi. Marikin tukunyar girki da kunnuwanta ba a yi su don wannan nauyi ba, kuma ranar da suka ɓalle ba sa sallama.

Siffa ma tana da tata rawar. Tukunya mai faɗin baki tana karɓar manyan tarkace, tana da sauƙin kwasa, ba ta kuma saurin kifewa, amma tana buɗe fuskar dalmar ga iska, sai kashin ƙarfen da ke taruwa a sama ya yi yawa. Mai zurfi da ƙaramin baki tana rage wannan, sai dai tsayinta na sa ta zama abin tsoro idan murhun ya karkata ko kaɗan.

Abin da ya sa alminiyam ba ya yi

A nan akwai wani ruɗani na harshe da ya kamata a warware. A wurare da dama, manyan tukwanen girkin nan masu hasken azurfa da maƙera ke zubawa daga tsofaffin gwangwanaye da sassan injin, ana kiran su tukwanen dalma. Hasali ma na alminiyam ne, wato goran ruwa. Dalmar da ake magana a kanta a nan ita ce ƙarfen nan mai nauyi da taushi, mai launin toka, wanda ke cikin batir, kuma shi ne mai gubar da ta kashe yara a Zamfara.

Alminiyam sai ya kai digiri 660 yake narkewa, wato ninki biyu na zafin da dalma ke buƙata. Wanda ya tsaya a kan wannan lissafin zai ce ai akwai tazara mai yawa. Amma ƙarfe yana rasa ƙarfinsa tun kafin ya narke, kuma alminiyam ya yi fice a wannan rauni: a zafin digiri 300 zuwa 400 ya riga ya rasa mafi yawan ƙwarinsa. Lokacin girki ruwan da ke cikin tukunya ne ke tsare ta, domin ba ya barin zafinta ya yi nisa da digiri 100. Idan babu ruwa, harshen wuta yana iya zafafa wani ɓangare na gindin fiye da sauran, alhali kilo ɗari biyu na danna shi daga sama. Gindin ba ya tsagewa a hankali yadda za a lura. Yakan ɓurme ne gaba ɗaya, dalmar ta kwarara kan wuta da ƙafafun wanda ke tsaye.

Haka nan duk wani bokiti ko baho mai rufin zinki, irin ƙarfen da ake yin kwanon rufi da shi, bai dace ba. Zinki yana narkewa a digiri 420, yana gauraya da dalmar ya ɓata ta, idan zafin ya ƙaru kuma ya tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Durom ɗin mai da aka yanka biyu fatarsa ta yi siriri, ba ta jure nauyi da zafi a lokaci ɗaya.

Abin da ya rage shi ne baƙin ƙarfe, kuma iri biyu ne. Akwai ƙarfen zubi, mai kauri, irin na tsofaffin tukwane masu ƙafa uku. Sai ya haura digiri 1,100 yake narkewa, yana riƙe zafi, yana kuma rarraba shi daidai. Aibinsa shi ne gautsi: idan aka zafafa shi farat ɗaya, ko ruwan sanyi ya taɓa shi yana da zafi, ko aka buga ludayi a bakinsa don kakkaɓe datti, yana iya tsagewa, kuma tsohuwar tukunyar da aka tsinto a gwangwan tana iya zuwa da tsagar da ido ba ya gani. Sai kuma ƙarfen walda mai kauri, wanda yakan lanƙwashe kafin ya karye, don haka yana ba da alama. Shi ya sa manyan tukwanen masana'antu, masu cin tan gommai a zubi ɗaya, da irinsa ake yin su. Wasu kan yanka tsohuwar tukunyar gas su mayar da ita ta narka dalma saboda kaurinta da zagayayyen gindinta, amma yankan kansa ya sha hallaka mutane a ƙasashe daban-daban, domin tukunyar da ake zaton babu komai a cikinta takan ɓoye ragowar gas.

Akwai kuma abokin gaban da ba ruwansa da irin tukunyar, wato ruwa. Idan ɗigon ruwa ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, nan take yake zama tururi, girmansa ya ninka fiye da sau 1,600, ya watsa dalmar sama kamar an harba ta. Guntun bututu mai laima a ciki, farantin batir da bai bushe ba, mazubi mai sanyi da raɓa ta sauka a kansa, ko yayyafin farkon damina, kowane ɗaya ya isa. Tukunya babba tana nufin abin da zai fantsama ya fi yawa.

Inda ƙarfin tukunya ya ƙare

A ɗauka an dace da komai: ƙarfe mai kauri, murhu mai ƙwari, busassun kaya. An kauce wa ƙuna ke nan. Gubar kuwa tana nan daram, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina batirin kansa.

Idan aka fasa batir, abubuwa huɗu ake samu: robar jikinsa, ruwan batir mai ƙona fata, ragar dalma da kawunan da ake ɗaura waya, sai kuma wani ƙulli mai launin ƙasa-ƙasa ko toka da ke manne a jikin ragar. Ragar da kawunan ƙarfe ne, su ne ke narkewa a tukunya. Ƙullin kuwa dalma ce da ta haɗu da iskar oksijin da sinadarin ƙibiritu, kuma kusan rabin dalmar da ke cikin batir, ko ma fiye, a cikinsa take. Wannan ƙulli ba ya narkewa a digiri 327. Kafin a mayar da shi ƙarfe sai an sa shi a rufaffen tanderu mai zafin da ya kai digiri 1,000, tare da gawayi da wasu sinadarai. Mai tukunya ba shi da wannan. Saboda haka ƙullin yakan taso saman tukunyar a matsayin datti a kwashe shi a zubar, ko a kakkaɓe shi a ƙasa tun wajen fasawa, ko a tara shi a buhu a jira mai saye. Da ya bushe ya zama gari mai laushi, iska ta ɗauka. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, ba sai an faɗi inda yake ƙarewa ba.

Ruwan batir ɗin ma yana ɗauke da dalma, kuma a mafi yawan lokuta kwata ko ƙasa ake tuttule shi tun kafin batirin ya hau mota, domin a rage nauyi. Robar kuma, idan aka niƙa ta ba a wanke ta yadda ya kamata ba, tana tafiya da nata rabon zuwa duk abin da aka ƙera da ita.

Sannan ga hayaƙi. Dalmar da ta narke a daidai zafinta ba ta tayar da tururi mai yawa, amma da zarar zafin ya doshi digiri 500 sai ya fara ƙaruwa da sauri. Mai hura gawayi da mafici ko zuga-zugi ba shi da ma'aunin zafi, kuma yana son aiki ya yi sauri. Idan gindin tukunya ya fara yin ja, an riga an wuce wannan mataki. Tururin yana sanyi a iska ya zama ƙura mai ƙanƙantar da takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, ta sauka a kan rufi, da shanya, da tiren mai talla, da gashin kan ma'aikaci da rigarsa. Da yamma ya koma gida da ita, ɗansa ya rugo ya rungume shi.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu aikin ƙarfe da fenti a ƙasashe da yawa, ta shan madara bayan an tashi aiki da sunan tana wanke guba. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga jini.

Abin da take yi a jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Jiki yana karɓar ta tamkar sinadarin kalsiyam, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori na tsawon shekaru. Mace mai juna biyu, lokacin da jikinta ke ciro kalsiyam daga ƙashi don gina na jariri, dalmar da ta shaƙa tun tana yarinya tana iya biyo shi. Ƙananan yara sun fi kowa shiga haɗari: suna rarrafe a ƙasa, suna sa hannu a baki, kuma hanjinsu yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba zai tsotsa. Yaron da ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki ya fi tsotsa. Wannan kaɗai ya isa ya sa yankin da tamowa ta yi wa katutu ya ɗauki maganar da muhimmanci.

Idan gubar ta yi yawa, tana zuwa da amai, da ciwon ciki, da jijjiga, da suma, alamomin da ake saurin ɗauka a matsayin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko ma a ce iska ce. Idan kuwa kaɗan-kaɗan take shiga, ba a ganin komai. Yaron dai ba ya gane karatu, ba ya natsuwa, kuma babu wanda zai danganta hakan da hayaƙin bayan layi. Illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa; maganin da ake bayarwa yana rage dalmar da ke jini ne kawai. A manya kuma tana haddasa hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar ta danganta mutuwar mutum sama da miliyan ɗaya da rabi a 2021 da gubar dalma, akasari ta hanyar cututtukan zuciya. Wani rahoto da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai matakin damuwa, ya kuma sa sake sarrafa batir ba bisa ƙa'ida ba a sahun gaba na dalilai.

Yadda wannan ke kasancewa a zahiri ya bayyana a wajen birnin Dakar na Senegal, a unguwar masunta ta Thiaroye-sur-Mer. Shekara da shekaru mutanen wurin suna fasa batir su narka dalma a buɗaɗɗiyar wuta, har da yin nauyin da ake ɗaura wa koma. Ƙullin da tukunya ta kasa narkawa ya yi ta taruwa a cikin rairayin unguwar. Da farashi ya tashi, masu saye suka zo, sai mazauna wurin, akasarinsu mata, suka shiga tankaɗe ƙasar don tsinto dalmar, suna kai buhuna har cikin gidajensu. Tsakanin watan Nuwamban 2007 da Maris ɗin 2008, yara 18 suka mutu.

Mutanen Arewa ba sa buƙatar zuwa Senegal kafin su san wannan. A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma aƙalla 400 ne suka rasu. A can ba batir ba ne, duwatsun zinare ne masu ɗauke da dalma, amma hanyar ɗaya ce: an kai aikin cikin gida, an niƙa duwatsun da injin niƙan hatsi, an daka su a turmin da ake daka abinci. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Garin Bagega, ɗaya daga cikin waɗanda abin ya fi shafa a Zamfara, ya yi shekaru yana jiran kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, alhali likitoci ba za su iya fara ba yara magani ba matuƙar gidajen da za su koma na nan da gubarsu. Sai a farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyi da kuma gangamin #SaveBagega da matasan Follow The Money, irin su Hamzat Lawal, suka jagoranta. Gyaran da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gida-gida, a kwashe a binne, a kawo sabuwa, domin dalma ba ta ruɓewa.

Babbar masana'anta ma tana iya zama babbar tukunya

Zai yi sauƙi a ɗora laifin duka a kan talaka mai murhun gawayi, a ce mafita ita ce a kai komai masana'anta. A ƙa'ida haka ne. Masana'antar da ta amsa sunanta tana fasa batir da inji a rufaffen wuri, tana tara ruwan batir ta kashe kaifinsa, tana da hula a kan kowace tukunya mai zuƙe hayaƙi zuwa matatar ƙura, tana ba ma'aikata wurin wanka da sauya kaya, tana kuma gwada jininsu a kai a kai. Da irin wannan tsari batirin dalma ya zama ɗaya daga cikin kayan da aka fi sake sarrafawa a duniya, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari na dalmar da ake amfani da ita a batir take ƙarewa.

Amma gini mai bututun hayaƙi da takardar rajista ba su ne tsarin ba. Garin Ogijo na jihar Ogun, a kan iyaka da Legas, ya zama matattarar masana'antun narka batir, kuma wani bincike da jaridar New York Times da kafar The Examination suka wallafa a ƙarshen 2025 ya nuna dalma mai yawa a jinin ma'aikata da mazauna garin, ya kuma bi sawun dalmar har zuwa kamfanonin yin batir a Amurka. Hukumomi sun rufe wasu daga cikin masana'antun. Batiran da ake tarawa a Arewa suna cikin abin da ke ciyar da irin waɗannan wurare, don haka wanda ya sayar da mataccen batirinsa a Kano ko Kaduna yana da hannu a zancen ko bai sani ba.

Doka kuwa akwai ta. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan batir a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da shi alhakin abin da zai faru da shi bayan ya mutu, suka kuma buƙaci masu tarawa da masu narkawa su yi rajista. Matsalar ita ce ta farashi. Wanda ke kashe kuɗi a kan matatar ƙura da gwajin jini ba zai iya biyan ɗan gwangwan abin da mai zubar da ruwan batir a kwata zai biya ba. Muddin ba a hukunta na biyun, batir zai ci gaba da bin hanyarsa, kuma ba za a zargi ɗan gwangwan ba don ya sayar wa wanda ya fi tayi. A Amurka an toshe wannan ɓaraka da wata dabara mai sauƙi: mai sayen sabon batir yana biyan ƙarin kuɗi, sai ya kawo tsohon a mayar masa. Ta haka batirin ke komawa hannun dillalin da hukuma ta san shi.

Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati za ta kare muhalli, amma yana cikin babi na biyu, wanda kotuna suka daɗe suna cewa ba a kai ƙara kai-tsaye a kansa. Wannan ya sa abin da ya faru a Kenya ya cancanci a lura da shi. A unguwar Owino Uhuru da ke Mombasa, wata tsohuwar ma'aikaciyar masana'antar narka batir, Phyllis Omido, ta fara fafutuka bayan an gano dalma a jinin jaririnta. An rufe masana'antar a 2014. A 2020 kotu ta ba mazauna unguwar diyyar shilin biliyan 1.3, ta kuma raba laifin tsakanin kamfanin da hukumomin gwamnatin da suka ba shi izini suka kawar da kai. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli ta dawo da shi a watan Disamban 2024.

Ga matashin da ke bibiyar kasafin kuɗi da kwangiloli, akwai tambayoyin da ba a cika yi ba. Idan gwamnatin jiha ta sa wa asibitoci ko makarantu sola, wa takardar kwangilar ta ɗora wa alhakin kwashe batiran ranar da suka mutu? Asibitin gwamnati nawa ne a jihar ke iya gwada dalma a jinin yaro? Wa ya ba da izinin narka ƙarfe a filin da ke jingine da makarantar Islamiyya? Korar masu sana'ar da kulki ba ta magance komai, domin aikin yakan koma cikin gidaje ne, inda ya fi kisa. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a bar musu tarawa da sayarwa, batirin yana rufe da ruwansa a ciki, a raba su da fasawa da narkawa.

Saura ita kanta tukunyar. Ƙarfen zubi yana da ƙananan kofofi da ido ba ya gani, kuma dalma tana maƙalewa a jikin kowane ƙarfe da aka narka ta a ciki. Babu sabulu ko toka ko yashin da zai fitar da ita. Tukunya mai kauri kuwa abin so ce a wurin mai tuyar ƙosai da mai dafa abincin sayarwa, kuma idan ta fito kasuwar tsofaffin kaya babu alamar da ke nuna aikin da ta yi a baya. Akwai kuma hanya ta biyu da dalma ke shiga madafa: idan ta gauraya da tarkacen alminiyam da maƙera ke zuba tukwanen girki da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa da yawansu suna sakin dalma idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki, irin tsamin da tumatir ko tsamiya ke kawowa. Shi ya sa masu narka dalma da suka san abin da suke yi suke rubuta gargaɗi a jikin tukunya da ludayi da mazubi, ranar da suka gama da su kuma su huda gindinsu ko su fasa su da guduma kafin su bar hannunsu.